Ranar da Baffa Ya Yi wa Motar Baba Juye

Shekaranjiya na bi ta bayan tasha da kwandon cefane a hannu, sai na tarar da wani kwance a ƙarƙashin mota, baƙin mai mai zafi yana tsiyaya cikin yankakken bido, wato jarka. Warin ne ya fara iske ni, warin man da ya daɗe yana dahuwa a cikin injin gazuwal, wato dizal, mai ɗaci kamar ƙonannen ƙarfe. Sai da na ja na tsaya. Mutane kan ce in ka tuna ƙuruciya zuciyarka sanyi take yi. Tawa tafasa ta yi, kamar jiya aka yi abin, alhali yau ina da ƴaƴan da suka fi ni tsawo. Bari in ba ka labarin, kai da kake karantawa, ko ka gane abin da ya sa.

Gidanmu a nan Matameye babban gida ne. Kaka, mahaifiyar Baba, tana sashen gabas. Mu da Inna muna tsakiya. Baffa, ƙanen Baba, yana yamma da iyalinsa. Rumbu ɗaya muke ɗiba. A ƙofar gida akwai wani tsohon dogon yaro mai faɗin inuwa, kuma a ƙarƙashinsa motar Baba take kwana. Farar bashe ce mai cin gazuwal, irin wadda mutanen Najeriya ke kira a-kori-kura. Ba sabuwa ba ce, ƙofar hagu ma sai an ɗaga ta kafin ta rufu, amma in Baba ya murɗa kontak, bugu ɗaya take tashi.

Ita ke ci da gidan. Bayan girbi ta ɗauki gero, lokacin rake ta shiga fadama ta fito da dammuna har suna jan ƙasa, ranar kasuwa ta cika da awaki da mutane da buhunan albasa. In rani ya shigo, ita ke kai mazan unguwa bakin iyaka da ƙullin kayansu za su ci-rani. In mace ta wahala a naƙuda, ƙofarmu ake bugawa.

Baba yakan kai ta garaji in abin ya shafi walda ko wuta. Amma bidanji, wato juyen baƙin mai da sauya su filtir masu tace mai da iska, bai taɓa barin wani ya yi mata ba. A gida yake yi, da hannunsa, da safe kafin rana ta yi ƙarfi.

Ni ce ƴar fari, kuma mata uku ne suka biyo ni. Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Ina da shekara tara ya fara kirana wajen motar, domin filtir ɗin mai yana wani lungu ne a gefen inji, inda hannunsa ba ya shiga sai ya kurje, ni kuwa nawa yana wucewa sumul. Daga miƙa hannu aka koma riƙe kile, ƙarfen kwance noti, daga riƙe kile aka koma sai ya zauna a kan kujera yana kallo ni ina yi. Inna takan yi ƙorafin wankin da nake ja mata, Kaka takan ce za a rasa mai aurena saboda baƙin farce. Baba dariya kawai yake yi.

Har yau in na rufe ido ina ganin tsarin aikin. Da farko ya tada ta, ya bar ta tana gurnani har inji ya yi ɗumi, don mai mai sanyi ba ya fita duka. Ya kashe, ya sa duwatsu a bayan tayoyi. A shimfiɗa buhu, a tura yankakken bido, a sassauta notin ƙasa da kile, ƙarshen kuma da yatsu, ka janye hannu da sauri kafin zafin ya same ka. Man ya fito baƙi ƙirin, da kauri, yana ƙyalli. Baba ya lakato kaɗan ya murza tsakanin yatsu biyu, yana neman ɓurɓushin ƙarfe, ya kai hanci ya ji ko gazuwal ya shiga ciki. Ba ya gaggawa. Sai man ya koma ɗigo ɗaya-ɗaya sannan a mayar da noti. Tsohon man kuma ba a zubarwa. Kaka ke karɓa ta shafa wa ƙyauren ɗaki da azara saboda gara.

Daga nan sai filtir. A kwance shi da tsohuwar ɗamara ta fata, a juyo shi a hankali kada ya zubo maka a hannun riga. A bakinsa akwai wata baƙar roba zagayayya kamar awarwaro. A nan Baba yake tsayar da ni kullum.

“Uwata, duba. Robar ta fito tare da shi?”

In ta fito, madalla. In ba ta fito ba, to tana can manne a jikin inji, sai an sa farce an ɓamɓaro ta. Ya ce in aka ɗora sabon filtir da tasa robar a kan tsohuwa, za su yi kamar sun zauna lafiya, amma da inji ya ɗauki zafi a hanya sai ɗaya ta tsere, man duka ya zube ƙasa. Sabuwar robar kuma a shafe ta da sabon mai, a ɗaura da hannu kawai, ba da ƙarfe ba. Bayan nan a sauya na gazuwal, a tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasansa, a yi ta danna ɗan famfon da ke samansa har iska ta fita ya yi tauri. A ciro na iska a kakkaɓe. A zuba sabon mai mai launin zuma, a jira, a zaro sandar gwaji a goge a mayar a sake zarowa. In an tada inji, ido ɗaya a kan jar fitilar mai da ke gaban direba har ta mutu, sannan a durƙusa a leƙa ƙasa. Baba yakan daɗe a durƙushe yana kallon yashi. Sai ya tabbata babu ko ɗigo ɗaya yake miƙewa ya ce alhamdulillahi, Inna ta kawo mana toka da sabulu.

Daminar da na shiga shekara goma sha uku, Baba ya faɗi a gona ana tsakar noma. Da aka ɗauko shi, ɓarinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Idanunsa dai suna nan yadda suke, suna bin kowa, suna gane komai. An kai shi Damagaram, likita ya ce a riƙa kawo shi a kai a kai ana motsa masa gaɓɓai, akwai rabon ya samu sauƙi. Sai a shimfiɗa katifa a bayan bashe, a ɗaura tampol saboda rana, Inna ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Manyan gida suka zauna suka miƙa wa Baffa makullin mota.

Ba zan yi wa Baffa ƙarya ba ko da ina fushi da shi. Ya yi shekaru yana ci-rani a Kano, in ya dawo yakan kawo mana takalma da alewa. Ya iya tuƙi, yana da ƙarfi, shi ke ɗaukar Baba a kafaɗa ya sa shi a mota. Amma mutum ne da ba a gyara masa. In ya ce rana daga yamma ta fito, to gara ka yi shiru ka wuce.

Zuwa Damagaram ɗin nan ya fara amfani. Kafin a yanke gero, yatsu biyu na hannun Baba na dama sun fara motsi. Ya fara haɗa rabin kalma. Wata safiya na kawo masa kunu ya dube ni ya ce “Uwa…”, Inna ta saki muciya ta fita tana kuka. Gidan duka ya sa rai.

Ni kuwa hankalina yana kan motar. Lokacin juye ya yi har ya wuce, Baffa bai ko buɗe kapo, murfin inji, ba. Wata rana da azahar, kowa yana ciki, na ɗaga na zaro sandar gwaji. Man ya yi kauri kamar kwalta, ya kuma sauka ƙasa da alama. A gidanmu yarinya ba ta tunkarar ƙanen ubanta da magana irin wannan. Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Kaka, Kaka ta jira ranar da ta ga fuskarsa a sake ta gaya masa. Maganar ta yi mako uku a hanya tsakanin ɗaki uku. Daga ƙarshe ya sayo mai da filtir ya ce zai yi da kansa, ai ba wani abu ba ne.

Ranar ba ni da lekol, babu karatu. An gama girbi, kararen gero a tsaye a bayan gari, safiya da ɗan sanyi-sanyi. Washegari ne ranar komawar Baba wajen likita, shi kuma Baffa yana da lodin gero da zai kai Kance da zarar ya gama juyen. Abokansa biyu suka zo suka kafa shayi a kan benci. An fito da Baba an jingina shi da bango a kan tabarma, kamar yadda ake yi kullum don ya sha iska, fuskarsa tana kallon motar.

Daga bakin zaure nake leƙe. Baffa bai ɗumama inji ba. Bai nemi bido ba, ya saki man a cikin yashi. Bai jira ya gama tsiyaya ba ya mayar da noti, yana ba abokansa labarin wani direba a Kano. Duk wannan na haɗiye. Sai aka ce in kawo ruwa. Na fito da buta, na bi ta gefen motar, na ga tsohon filtir a yashe a ƙasa, bakinsa yana kallon sama. Ƙarfe ne tsirara. Babu roba.

Na ajiye butar na sunkuya na leƙa lungun. Ga ta can, manne a jikin inji, baƙa a kan baƙi, sai wanda ya san inda zai duba zai gan ta. Baffa kuma ya riga ya fito da sabon filtir daga kwali.

Na durƙusa yadda aka koya mini, na yi ƙasa da murya. “Baffa, tsohuwar robar ba ta fito ba. Tana jikin inji.”

Ɗaya daga cikin abokansa ya tuntsire da dariya har shayi ya zubo masa. “Kai, ashe kana da shef ɗin garaji a gida! Yau mace za ta koya maka mota.”

Na ga wuyan Baffa ya kumbura. Bai dube ni ba. “Tashi ki shiga ciki.”

“Baffa, in aka ɗaura a kanta, man zai zube a hanya. Injin zai mutu. Bari in ciro ta, yanzu-yanzu.”

Na miƙa hannu. Abin da na sani daga nan shi ne ƙarar da ta cika mini kunne. Da hannunsa mai baƙin mai ya mare ni, har na faɗi zaune. Shatin yatsunsa ya kwanta a kumatuna da gefen kallabina.

A lokacin ne Baba ya fara. Yana dukan tabarma da hannun hagu, jikinsa duka yana rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana tura kalma ta cikin karkataccen bakin nan da dukkan ƙarfinsa. “Ro… ro… ro…”

Kaka ta fito da sauri. Ta ce ruwa yake so. Aka kawo moɗa aka kai bakinsa, ya ture ta ta zube masa a riga, ya ci gaba, “Ro… ro…”, yana nuna motar da haɓa. Na ce da ƙarfi, ina kuka, roba yake cewa, roba! Kaka ta ce in rufe mata baki, na ishe su da rashin kunya tun da safe. Ta ce rana ce ta dame shi, a shigar da shi ciki.

Marin ban riƙe shi kamar yadda na riƙe wannan ba. Mutum mai hankalinsa, mai motar, wanda ya fi kowa a wurin sanin abin da ake yi, yana magana, suka kama shi ta hammata da ƙafafu suka ɗauke shi kamar buhu. Kansa a waiwaye yana kallon motar har suka shige zaure. Ina jin muryarsa daga cikin ɗaki tana raguwa.

Baffa ya ɗora sabon filtir a kan tsohuwar roba, ya ɗaure shi da ƙarfe har yana nishi. Ya zuba mai, ya tada, ya taka totur sau uku don abokansa su ji. Bai durƙusa ba. Aka loda gero, suka haye, suka tafi.

Na fito na je inda motar ta kwana. A gefen baƙin tabon tsohon mai akwai wasu ɗigo masu launin zuma, sababbi, sun jera sun bi sawun taya har kwana. Na ruga ba takalmi, na bi lungu na fita gudro, babban titi, ina ihu kamar mahaukaciya. Ko ƙurarsu ban gani ba. Lokacin babu salula a hannun kowa. Na tsaya a bakin hanya da shatin mari a fuska, mata masu tallan nono suna wucewa suna kallona.

Bayan la’asar wani kamiyo, babbar motar kaya, ya jawo motar Baba da igiya. Ba su kai Kance ba. Daga baya ɗaya daga cikin abokan ya faɗa wa wani cewa jar fitilar ta kama tun a hanya, Baffa ya ce ai saura kaɗan, za ta kai. Ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, ta tsaya cak.

Washegari, a daidai lokacin da ya kamata a ce Baba yana kan katifa a hanyar Damagaram, aka kira makanike. Ya sa babban kile ya gwada juya inji, ya hau da ƙafa, ko motsi. Ya ce ya kama, ƙarfe ya narke ya haɗe da ƙarfe, sai dai wani injin. Sannan ya kwance filtir. Robobi biyu suka faɗo a yashi, ɗaya a tsage. Na ga ya dube su, ya ɗago ya dubi Baffa, ya dubi mutanen da suka taru. Sai ya sa ƙafa ya tura musu yashi, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Babban mutum da gemu, wanda sana’arsa ke nan. Da suka watse na tono su na ƙulle a bakin zanena.

Kafin magariba labari ya riga ya samu wata fuska. Baffa ya ce bakina ne. Ya ce tun da safe yarinyar nan ta tsaya a gaban mutane ta ce injin zai mutu, ga shi ya mutu, mota lafiyayya da sabon mai da sabon filtir. Abokansa suka ce tabbas sun ji da kunnensu. Ba su yi ƙarya ba, na faɗa. A cikin kwana biyu unguwa ta ɗauka. In na je famfo, mace ta juya goyonta ta ɗaya gefen. Wata maƙwabciya ta hana ni yaba ɗan akuyarta. A lekol aka sa mini suna, ƴan ajinmu suna tofa yawu in na yi magana.

Na ɗauki robobin na kai wa Kaka. Tana zaune tana kaɗa miya. Na kwance bakin zane na ajiye mata a tafin hannu, na yi mata bayani tun daga farko, a hankali, yadda Baba ya koya mini. Ta daɗe tana jujjuya su. Kaka ba wawuya ba ce. Na ga lokacin da ta gane.

“Takwara, na gani,” in ji ta. “To me kike so in yi? Ubanki yana kwance. Wa zai yi muku noma baɗi? Wa zai buɗe muku rumbu? In kunyata shi a gaban gari, sannan in ce ya ciyar da ku?”

Ta jefa su a murhu. Warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Ta ce gobe da safe in je in durƙusa in ba Baffa haƙuri, a wuce wurin.

Na je. Inna ce ta raka ni har bakin ƙofarsa, idonta a ƙasa, ba ta ce mini komai ba. Na durƙusa na ce Baffa ka yi haƙuri, na yi kuskure. Ya ce ba komai, Allah ya shirye ki, ki riƙa kula da bakinki. Na ce amin. Ban san ko ka taɓa cewa amin ga irin wannan addu’a ba. Ni har yau ɗacinta bai bar harshena ba.

Daga can na wuce ɗakin Baba na zauna a gefen katifarsa. Ya ɗaga hannun hagu ya shafa kumatuna inda aka mara. Sannan ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi zagaye, ya saki, ya ɗaga yatsu biyu. Na gyaɗa kai. Shi ma ya gyaɗa. A duk gidan nan, mutum ɗaya ne ya gaskata ni a fili, kuma shi ne wanda ba shi da baki.

Ba a sayi wani injin ba. Kullum ana cewa bayan kasuwa, bayan rake, in masu ci-rani sun dawo. An gwada kai Baba Damagaram a motar haya sau ɗaya, a zaune, a matse tsakanin mutane da kaya. Ya dawo da zazzaɓi da ƙafa a kumbure, aka ce wahalar ta fi amfanin. Yatsun nan biyu suka daina motsi. Rabin kalmomin suka koma. In an fito da shi shan iska, sai ya yi ta gurnani har a juya masa tabarma ya fuskanci bango. A damina ta biyu ya rasu.

Ban ce da motar tana nan da ya warke ba. Rai na Allah ne, kuma na sani. Abin da na ce shi ne, mutum ya fara dawowa, aka yanke masa hanya saboda wani ba zai iya sunkuyawa ya leƙa inda yarinya ta nuna masa ba. Aikin farce ɗaya ne. Motar kuwa aka yi ta cire mata kaya ɗaya-ɗaya, yau taya, gobe batir, har ta zama ƙwarangwal, awaki suna kwana a ƙarƙashinta.

Shekaru sun ja. Kaka ta bi ɗanta. Na yi aure a nan garin, duk da baƙin farce da sunan da aka sa mini. Maigidana yana da tasa bashen, kuma ni ke yi mata juye a tsakar gida, shi yana miƙo mini kile, bai taɓa jin kunyar faɗa wa abokansa ba. Garin ya sauya. Yanzu ina ganin ƴan mata da kayan aiki suna koyon gyaran inji, ana ɗaukar su hoto. Kowane yaro yana iya buɗe salula ya ga yadda ake sauya filtir. Tsohon dogon yaron nan an sare shi an yi shago. Abu ɗaya ne ban ga ya motsa ba a gidajenmu. In magana ta fito, kafin a duba ko gaskiya ce, sai an fara duba shekarun mai ita da ko ɗankwali ne a kansa.

Bara aka yi suna a gidanmu na gado. Baffa yanzu Alhaji ne, ya tsufa, gemu fari fat, ana durƙusa masa. Ina raba abinci a bakin zaure sai na ji shi yana ba samarin gida labari, yana dariya. Yana cewa su yi hankali da gwaggonsu, bakinta ba ya faɗuwa ƙasa, tana ƴar mitsitsiya ta kashe motar yayansa da kalma ɗaya. Samarin suna dariya suna kallona.

Na ajiye tiren. Ban durƙusa ba.

“Alhaji, ba bakina ba ne. Roba biyu ka ɗaura. Na gaya maka ka mare ni. Baba ya gaya maka kuka ɗauke shi kuka kai ɗaki. Fitila ta kama ka ƙi tsayawa. Kai ka kashe motar, kuma ka sani tun ranar.”

Wata daga cikin matan gida ta kama hannuna tana cewa haba, ranar suna, abin da ya wuce shekara da shekaru, har yanzu ban huce ba? Na ce ban huce ba.

Sai na ji murya daga bayana, siririya. Inna ce, a dogare da sandarta a bakin ƙofa.

“Gaskiya ta faɗa. Ina leƙe ta katanga ranar. Na ga komai.”

Baffa ya laluba takalmansa da ƙafa, ya tashi, ya shige sashensa. Har yau bai ba ni haƙuri ba, ni ma na daina jira. An ce na ɓata taron suna, wasu ba su gaishe ni ba har salla.

Na juya na dubi Inna, ta rame, ta rankwafa, hawaye yana bin tamojin fuskarta. Ina so in rungume ta. Ina kuma so in tambaye ta inda ta ajiye wannan bakin ranar da ta raka ni ƙofar Baffa. Na san amsar, rumbu ne, da mu huɗu, da miji a kwance. Sanin amsar bai rage mini komai ba. Na kama hannunta na zaunar da ita a kan tabarma, na zuba mata abinci, na zauna kusa da ita har ta cinye.